Yadda Malam Hamissou Ya Raba Ƙanensa da Giya

Duk ɗan Nijar da ya kwana biyu a Greensboro ta Amurka ya san Malam Hamissou, kuma abu guda aka san shi da shi: ƙin giya. Ba ƙi irin na kowane Musulmi ba, wanda zai kau da kai ya wuce. Shi nasa ƙin na mutumin da aka yi wa ɓarna ne yake neman ramuwa. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, ba ya dariya sai da dalili, kuma dalilin ba ya yawan samuwa. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Amma kirkinsa yana da kaifi, har mutane kan gyara zama idan ya shigo, ko da ba su yi laifin komai ba.

A Tibiri aka haife shi, kusa da Maraɗi. Mahaifinsa Maikano direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa zuwa Kano, kuma da zarar ya sauke kaya sai gidan burkutu. Wata rana motar ta kife da shi a hanyar dawowa, aka kawo gawarsa a bayan wata akori-kura. Hamissou yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ƙanensa Younoussa kuwa yana goye a bayan uwarsu. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, amma Hamissou ya ji abin da suke faɗa ƙasa-ƙasa a zaure, kuma bai taɓa mantawa ba. Shi ya zama uba a gidan. Shi ya kai Younoussa makaranta, shi ya koya masa alwala, shi ya yi masa dukan farko da na ƙarshe.

Da ya zama saurayi sai ya shiga sahun matasan da ke yawo ofis-ofis a Maraɗi suna neman a rufe mashaya. Wata shekara abin ya rincaɓe, aka farfasa wasu gidajen giya, aka kama mutane, Hamissou ya yi kwana tara a tsare. Waɗannan kwana taran ya riƙe su kamar lambar girma. Har bayan shekara ashirin, in hira ta yi daɗi, sai ka ji ya ce, "Lokacin da muke kaso," sai matarsa Tchima ta tashi ta tafi duba tukunyar da ba ta ɗora ba.

Cacar biza ce ta kawo shi Amurka. Ya sami aiki a wani kamfanin haɗa kujeru, yana ja wa kushin yadi yana buga masa ƙusa daga safe zuwa yamma, kuma bai taɓa canja aiki ba. Abin da ya fara tayar masa da hankali a garin shi ne gidan mai. Ka shiga biyan kuɗin fetur, sai ga giya a firiji kusa da madarar yara, an jera ta tsaf, ba mai jin kunyar kowa. Ya rantse ba zai ƙara shan mai a irin wannan wuri ba, ya dinga tuƙi mai nisa zuwa wani ɗan gidan mai da ba a sayar da ita. Tchima ta ce masa man da yake ƙonawa wajen neman man halal ya isa ya kai su Makka. Bai yi dariya ba.

A unguwar gabashin gari suka fara zama, cikin baƙaƙen fatar Amurka, kuma a nan ya haɗu da Sylvanus, wani dattijon coci da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Wata Asabar Sylvanus ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da takarda a hannu, yana tara sa hannun maƙwabta don a hana wani kanti lasisin sayar da giya. Hamissou ya karɓi biro tun kafin a gama yi masa bayani, ya sa hannu, ya sa takalmi, ya bi tsohon suka ƙarasa layin tare. Tun daga ranar suka zama abokai, ɗaya da hula ɗaya da malafa, suna bi gida-gida. Sau biyu suka yi nasara a cikin shekara goma. Sauran kuwa a saurare su cikin ladabi a zauren hukuma, a gode musu, a ba da lasisin.

Daga bakin Sylvanus ya ji cewa wannan yaƙi ya girme su duka. Kakar tsohon tana cikin matan coci da suke liƙa farin ƙyalle a ƙirji, alamar sun yi alkawarin yaƙar giya, kuma baƙaƙen mata nasu reshen ƙungiyar daban ne da na farare, don ko wajen ƙin giya ba a yarda a zauna benci ɗaya ba. Ya ba shi labarin yadda jiharsu ta jefa ƙuri'a ta haramta giya tun 1908, yadda ƙasar gaba ɗaya ta bi baya a 1920, aka yi shekara goma sha uku a haka. Hamissou ya ji daɗin wannan labari ƙwarai, ya haddace shekarun, ya riƙa kawo su a wa'azi: ga Nasara ma sun taɓa ganewa. Akwai rabin labarin na biyu, yadda mutane suka koma dafa ta a daji, yadda kawun Sylvanus ya sha wadda aka dafa a tsohuwar lagireton mota ya makance, yadda a ƙarshe aka soke dokar. Wannan rabin Hamissou bai taɓa saurara da kunne biyu ba. Ya ce rashin imani ne ya sa suka kasa.

Cikin 'yan Nijar kuwa ya zama hukuma. Ba a bikin suna ko walimar aure a kama zauren da ke da mashaya, don an san Malam Hamissou ba zai zo ba, kuma in bai zo ba za a tambaya. Kowace shekara kafin azumi shi ake ba lasifika a masallaci ya yi magana kan giya. Yakan ce duk gidan da ta shiga, sakacin babban gidan ne. Yana faɗa yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Younoussa ya iso bayan yayansa da shekara takwas. Shi kam ruwa ne inda yayansa yake wuta: mai fara'a, mai tsokana, ga iya dafa shayi. Ya kama tuƙin motar raba kaya, ya kama ɗaki shi kaɗai kusa da tsakiyar gari, yana jiran takardun matarsa Aïchatou da ya baro a Maraɗi da ciki. Takardun suka ƙi fitowa. Shekara ɗaya, biyu, biyar, 'yarsa ta yi wayo a waya, tana ce masa Baban Amerik. A hankali ya rage zuwa taro, ya rage kiran mutane. Hamissou, wanda a lokacin ya sayi ɗan gida a McLeansville can bayan gari, ya ɗauka aiki ne ya yi wa yaron yawa.

Saura mako uku azumi, a shekarar da ya faɗo cikin zafin watan Yuni, Hamissou ya biya ɗakin ƙanensa da hantsi ba tare da ya kira ba. Ya same shi zaune a bakin gado da kofin shayi, hannunsa na rawa har shayin na zuba. Warin da ke ɗakin Hamissou ya san shi tun yana yaro. Ya buɗe kabad, sai ga kwalabe, manya, wasu cike wasu wayam, an lulluɓe su da darduma.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Shekara biyar, Yaya." Younoussa bai ɗaga kai ba. "Kullum. In ban sha da sahe ba, ko makulli ba ni iya riƙewa. An sallame ni daga aiki tun watan jiya. Na so in hwaɗa maka, amma kai ne."

Hamissou ya zauna a ƙasa. Abu biyu suka taso masa lokaci guda, kuma gaskiya ita ce bai iya raba su ba: tausayin yaron da ya goya, da tsoron ranar da za a ce ƙanen Malam Hamissou mashayi ne. Ya ƙudurta zai ceci ƙanensa, kuma zai cece shi ba tare da kowa ya ji ba. A ganinsa waɗannan biyun abu ɗaya ne.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ranar jajibirin azumi ya ɗauko Younoussa ya kawo shi McLeansville, ya sauke shi a ɗakin baya mai kallon gonar maƙwabci. Ya tuttule kwalaben a masai da hannunsa, ya karɓe wayarsa da makullin motarsa, ya ɗauki hutun mako guda a wurin aiki. Wata mai alfarma, an ɗaure shaiɗanu, ga gida nesa da kowane kanti, ga Alƙur'ani. Kwana talatin ba ɗigo, sai yaro ya fito fes ranar Salla. Ga mutane kuwa aka ce ciwon baya ne ya kwantar da shi. Younoussa ya yarda da duk wannan, har ya yi kuka ya riƙe hannun yayansa ya ce ya gode.

Ranar farko rawar jiki ce da gumi. Hamissou ya ce wannan dattin ne ke fita. Rana ta biyu Younoussa ya yi ta amai, ba komai a cikin, kuma da hantsi ya faɗi daga kan katifa, jikinsa ya sandare, ya shiga fizge-fizge yana kumfar baki. Da abin ya lafa, Tchima ta ja mijinta zuwa kicin.

"Malam, wanga abu ya hi ƙarhinmu. Mu kai shi lopital, likita shi duba shi."

"In mun kai shi, wa za a kira ya yi tafinta? Chamsiya, ko ɗiyar Alhaji Amadou. 'Yan garinmu ne, su ka wannan aikin a imajansi, ɗakin gaggawa. Kahin la'asar Greensboro duk ta ji, kahin magariba an ji a Maraɗi."

"To a ji mana. Ai da ransa za a ji."

"Ke ba ki san mi kike cewa ba," ya ce. "Shaiɗanin da ya shekara biyar cikin mutum ba shi hita da lallashi."

Tchima ta koma kan aikinta, don ta shekara ashirin tana gwada ƙarfinta da dutse. Amma daga ranar, da Hamissou ya ɗan fita sai ta shiga ta ɗura wa Younoussa ruwa da cokali, azumi ko ba azumi ba.

Rana ta uku da rana tsaka Sylvanus ya zo da wata sabuwar takardar sa hannu. Suna tsaye a baranda sai ihu ya taso daga ɗakin baya, Younoussa na kiran a kashe tururuwan da suka rufe bango, a tare motar Baba kada ta shigo ɗaki. Tsohon ya saurara, ya dubi abokinsa, ya cire malafa. Ba a yi masa bayani ba, ya gane.

"Kwana nawa rabonsa da ita?" ya tambaya da Turanci.

"Uku," in ji Hamissou, da ɗan alfahari ma.

"Ɗan'uwa, ka kira motar asibiti yanzu. Na ga wannan a soja, na ga wanda ya mutu a haka. Mutumin da jikinsa ya saba da ita shekara da shekaru ba a yanke masa rana ɗaya. Akwai maganin da suke bayarwa su sauko da shi a hankali. Ni da kai mun ƙi abin nan tare, ka san ba son ta nake ba. Amma ka kira."

"Baba Sylvanus, mu muna da hanyarmu."

"Kakata ma tana da hanyarta," tsohon ya ce. "Ba ta hana ta binne mutane ba."

Ya tsaya ya ƙara roƙo, har ya ciro wayarsa. Hamissou ya dafa hannunsa ya ce gidansa ne, ƙanensa ne, kuma gobe in bai sami sauƙi ba shi da kansa zai kai shi. Sylvanus ya mayar da wayar aljihu. Har yau yana cewa wannan ne babban kuskuren da ya yi a tsufansa.

Hamissou ya koma ɗakin ya ci gaba da abin da ya sani. Ya yi tofi a ruwa ya shafa masa, ya karanta duk ayar da aka koya masa, ya danne shi a ƙirji in ya zabura. Ba mugunta ba ce, kada wani ya ce mugunta ce. Yana yi yana hawaye, bakinsa a bushe da azumi, ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa. Wajen la'asar Younoussa ya ɗan dawo hayyacinsa, ya gane yayansa, ya kama gefen rigarsa.

"Yaya, don Allah, ko cikin murhin kwalba. Kaɗan. Zuciyata za ta hita."

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Saura kaɗan. Wanda ke roƙon nan ba kai ba ne."

"Ni ne, Yaya," ya ce. "Wallahi ni ne."

Rana ta huɗu ihun ya tsaya. Jikinsa ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu, numfashinsa ya koma sama-sama, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Hamissou ya ga shirun ya ce alhamdu lillahi, an ci ƙarfin abin, ya shiga wanka don ya yi azahar. Yana cikin banɗaki Tchima ta ɗauki waya ta kira motar asibiti, da ɗan Turancinta na wurin aiki, ta ba su lambar gida sau biyu. Da ya fito ya ji jiniya, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga fuskarta ya fasa.

Younoussa ya cika kafin la'asar, a wani ɗaki mai labule shuɗi. Likitar da ta fito wata matashiya ce, ta zaunar da Hamissou, ta tambaye shi yaushe mamacin ya sha na ƙarshe da kuma nawa yake sha. Ya faɗa mata. Turancinsa ya isa, ba a kira wani tafinta ba, babu ma wanda ya kawo zancen. Ta ce masa zuciyar ce ta gaza, saboda yankewar farat ɗaya da rashin ruwa a jiki. Ta ce suna ganin irin wannan, kuma yawancin waɗanda aka kawo da wuri da ƙafarsu suke komawa gida. Ba da zargi ta faɗa ba, ta ma dafa kafaɗarsa. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Wani ɗan sanda ya yi masa 'yan tambayoyi, ya rubuta, ya ce ya yi haƙuri da rashin, ya tafi.

Shi ya wanke gawar da hannunsa, kamar yadda ya saba yi wa 'yan gari. Aka yi jana'iza, masallaci ya cika, mutane suna ta cewa ya dace, ya tafi cikin watan azumi, a gidan ɗan'uwansa. Hamissou yana amsawa da amin. Ya kira Aïchatou a Maraɗi ya ce zazzaɓi ne mai zafi. A cikin duk wannan duhu abu ɗaya kawai ya rage masa da yake dafawa ya tsaya: ya kasa ceton ran yaron, amma ya rufa masa asiri. Ba wanda ya sani. Younoussa ya tafi da sunansa mai kyau.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, Alhaji Soumaïla, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar 'yan Nijar, ya matso kusa da shi a kan tabarma ya rage murya.

"Malam, Allah shi ba ka ladan abin da ka yi. Da munka ji ka ɗauke shi zuwa gidanka, mun ce to, yanzu yaro ya samu mai riƙe shi. Mun daɗe muna tausayin halin da yake ciki."

Hamissou ya dube shi. "Wane hali, Alhaji?"

"Haba Malam. Shan nan." Ya faɗa a hankali, cikin tausayi. "Ai shekara huɗu ke nan ko hi. Ni kaina sau biyu ina ɗauko shi daga bakin depo ɗin bas in kai shi ɗaki. Chamsiya ta sha ce mashi ya zo ta haɗa shi da dokotoron da ke raba mutane da shan, kyauta ne ma, babu ruwansu da inshora. Shi ne ya ƙiya, ya ce in ya tahi za ka ji."

"Wa da wa suka sani?"

"Kowa, Malam. Har matarshi ta sani. Kai ɗai ne ba a hwaɗa ma ba, kunyarka muke ji."

Wani ya shigo da sallama, ya durƙusa, ya miƙo hannu yana cewa ya haƙuri. Hamissou ya miƙa nasa. Aka ɗaga hannuwa za a yi fatiha, ya ɗaga tare da su, amma bakinsa bai motsa ba, kuma da aka shafa shi bai shafa ba, hannuwansa suna nan a buɗe a kan gwiwarsa har Alhaji Soumaïla ya kama su ya sauke masa.